Yadda Kabon Ya Ci Mini Zogale

Ko gobe aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi abu ɗaya da ba zai fita daga raina ba, maganar zogalena na Agege zan kawo. Yarinyar da aka yi abin a kanta yau ita ma uwa ce, amma ni har yanzu in na tuna sai haushi ya kama ni.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, ni kuma ina goyon fari. Damuwata ɗaya ce a duniya: yarinyar nan cin ƙasa take yi. Da na juya baya zan sauke tukunya, sai in tarar ta rarrafa ta dumbuzi ƙasa ta cika baki. Ga ta 'yar firit, ba ta ƙiba, idonta fari fat. Innata tana can Arewa, ba waya a hannun irinmu a lokacin, ba wanda zan tambaya. Kullum ina duba cikinta, ina duba kashinta, ina saƙa abubuwa iri-iri a zuci.

Gidan da muke haya irin mai ɗakuna suna kallon juna ne, na wata tsohuwa Bayarabiya da kowa ke kira Iya. A bayansa akwai ɗan fili siriri kafin a kai titin jirgi. Da na tare na zo da sandunan zogale daga garinmu na kakkafa a wurin, suka kama suka yi tsawo. A ƙarƙashinsu na shuka alayyafo da ayoyo da kuɓewa. Sharar ganye, tokar murhu, kashin kajin Iya, duk nan nake zubawa. Ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi. Nan nake shimfiɗa tabarma da rana, nan kuma yarinyar take cin ƙasarta.

Wata hantsi Iya ta shigo da wani mutum mai tabarau, ya sa takalmin roba har gwiwa, yana riƙe da wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki da tarin fararen ledoji. Ta ce mini, "Iyawo, ga ɗan garinku. Dokita ne, babban dokita. Yana son ƙasa." Iyawo take kirana, wato amarya.

Da na ji dokita sai na ji sanyi a raina. Na ce Allah ya kawo mini likita har gida. Na gaishe shi, ya amsa da Hausa sosai, sai dai kowace magana sai ya tsoma mata Turanci. Ya murɗa ƙarfen nan a gindin zogale, ya zaro ƙasa ya zuba a leda. Ya je can fili inda ba bishiya ya sake zarowa. Ya dawo ya ɗebi ta gindin zogalen a tafin hannu yana murzawa, har da sansanawa.

"Kai! Kai, kai!" in ji shi. "Kabon ɗin da ke wurin nan ya yi yawa. Duk inda na zaga a Agege da Ogba ban ga irinsa ba."

Na ce, "Dakta, yarinyar nan tawa tana cin ƙasar wurin fa."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "A'a, kada ki bari ta ci," yana ta ƙulle ledarsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ke kawo shi kabon ɗin?"

Nan ya ɗago, fuskarsa har tana ƙyalli. "Bishiyoyin nan mana! Su ke zuƙo shi daga iska su tura shi ƙasa. Muddin suna tsaye, kullum ƙaruwa yake yi."

Na sa hannu na janyo yarinyar na rungume. Na ce, "A wane asibiti kake, in kawo ta?"

Jama'a, tambayar nan kalma biyu ce amsarta. Da ya ce mini ni ba likitan mutane ba ne, da an gama. Sai ya yi dariya ya gyara tsayuwa, ya shiga ba ni tarihinsa. Digirinsa na farko a nan gida ya yi, na biyu a Turai. Na uku a kan ƙasar gonakin da ake noma a ƙarƙashin itatuwa, ya yi shekara da shekaru yana haƙa a dazukan Kamaru. Ya rubuta takardu an buga a ƙasashen waje, an gayyace shi taro a wurare da ban iya maimaita sunansu ba. Ni ina tsaye da yarinya da ƙasa a leɓenta, shi yana lissafa mini inda aka tafa masa. Daga ƙarshe ya ce zai kai ƙasar gwaji, in sakamako ya fito zai dawo. Gwaji da sakamako kuwa ni a asibiti kaɗai na san su. Ya rataya ƙarfensa ya fita.

Yini na yi ban iya cin komai ba. Da magariba maigidana ya dawo. Okada yake yi, babur kuwa ya san shi ciki da waje. Tun bai cire hula ba na tare shi na ce, "Mene ne kabon?"

Ya ce, "Ke kuma ina kika ji kabon?"

Na kwashe duka na gaya masa. Ya fita ya kwance fulogin babur ɗinsa ya kawo mini gaban fitila. "Kin ga wannan baƙin da ya daskare a bakinsa? Shi ne kabon. In ya taru, mashin ya dinga tari ke nan, yana shaƙewa, har ya mutu a tsakiyar titi."

Kamar an haɗa baki, yarinyar ta yi tari daga kan katifa.

Na fashe da kuka. Shi kuma ya zauna yana ta haɗa lissafi da kansa: hayaƙin motocin haya na danfo, hayaƙin manyan bas na molue, hayaƙin masana'antun Ilupeju, duk yana sama. Bishiya ta zuƙo shi ta zuba a ƙasa, yarinya ta ɗiba ta ci. Maƙwabcinmu bakanike ya leƙo, aka gaya masa, ya ce, "Oga, kabon ba wasa ba ne o. Injin ma sai an buɗe an kankare, balle cikin yaro." Ku gaya mini, wace uwa ce za ta ji wannan ta ce a jira sakamako?

Da gari ya waye maigidan ya ari adda. Zogale ba shi da ƙarfin jiki, sara kaɗan ya zube. Ina tsaye ina kallo suna faɗuwa a kan alayyafona ɗaya bayan ɗaya. Iya ta fito da zani a ƙirji tana ihu da Yarbanci da Hausa a haɗe, "Baba yarinya, ka haukace ne? Ganye me ya yi maka?" Ya ce mata dokitan da ta kawo ne ya ce su ne cutar. Ganyen ma bai bari an ɗiba ba, a bola ya zubar, wai kabon ya shiga cikinsa.

Ni kuma na goya yarinya na tafi asibitin unguwa. Na samu wata nas 'yar wajen Jos mai jin Hausa. Na ce mata 'yata ta ci kabon. Ta ajiye biro ta dube ni. "Wane irin kabon kuma, maman bebi?" Na yi mata bayani har da fulogi. Ta danne dariyarta da ƙyar, ta ja fatar idon yarinyar ta duba, ta latsa cikinta. Ta ce ƙarancin jini ne da tsutsar ciki, shi ke sa yara kwaɗayin ƙasa. Ta ba ni magani, ta ce in hana ta zama a ƙasa. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Ki dinga sa mata ganye a abinci sosai. Ba ku Hausawa kuna da zogale ba? In kin samu, ki dage da shi."

Na tuna ganyen da aka zubar a bola, na nemi benci na zauna.

An kwana biyu sai ga Dakta ya dawo, ya sha kwat, tare da wani Bature mai kyamara a wuya. Ashe lambuna ya zo nuna masa, wai shi ne ya fi ko'ina kyau a bincikensa. Suka zagayo bayan gida suka tarar da kututture, ga alayyafo rana ta ƙone shi. Dakta ya ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan ɓarna?"

Ni da ba na iya ɗaga ido in kalli baƙo, ranar bakina ya buɗe. Na ce, "Kai ka yi ta, ranka ya daɗe. Ka ce kabon ya yi yawa, ka ce bishiya ke kawo shi, ka ce kada yarinya ta ci."

"Haba, Malama! Ai abin alheri ne! Shi ake nema! Ganyen da ya ruɓe ne, da saiwa, shi ke sa ƙasa ta yi baƙi ta riƙe ruwa, shuka ta yi kyau."

Na ce, "Taki ke nan?"

Ya ce, "To, kusan haka."

"Me ya hana ka ce taki?"

Ya gyara tabarau. "Ai ba daidai taki ba ne. A kimiyyance, in muka duba..."

Na ce, "Ka ga, ka soma kuma. Ni dai ka gaya mini, kai likitan me ne?"

Sai a ranar ya ce, a hankali, "Ni ba likita ba ne. Daktan karatu ne, a kan ƙasa."

Iya ta tafa hannu ta ce, "Dokitan ƙasa! Ƙasa ma ciwo take yi?" Baturen yana ta tambayar me ake cewa, ba wanda ya fassara masa. Maigidana kuwa da ya ji labari da dare cewa ya yi shi dai kabon ɗin da ya sani kashe mashin yake yi, kuma har yau bai yarda ya yi kuskure ba.

Ba zan yi wa Daktan ƙarya ba, kafin ya tafi ya duƙa ya duba kututturen, ya ce kada a tumɓuke, a tara musu ganye a gindi, za su tofo. Suka kuwa tofo da ruwa ya sauka. Amma watannin da yarinyata ta fi bukatar ganyen nan, busasshe na dinga bin masu kawo kaya kasuwar Mile 12 ina nema, ni da a da nake da shi ɗanye a bayan ɗaki. Allah ya taimaka ta warware, ta yi ƙiba, ta bar cin ƙasa.

Kwanaki ita yarinyar ta nemo shi a wayarta ta nuna mini hotonsa. Ya zama Farfesa, ya yi furfura, jerin karatunsa da takardunsa sai ja take da yatsa ba su ƙare ba. Na ce ta duba mini ko akwai inda aka rubuta ya koyi amsa tambaya. Ta ce ba ta gani ba.

Abin da na ɗauka tun ranar shi ne, duk wanda aka ce mini dakta ne, sai na tambaya na me, kuma kalmar da ban gane ba ba na barin mai ita ya fita sai ya juya mini ita da Hausar da nake dafa miya da ita. Ku kuma masu karatu, roƙona ɗaya ne. In uwa ta tsaya gabanku da yaro a hannu ta yi tambaya, ku ajiye abin da kuke yi ku kalli fuskarta, ku amsa abin da ta tambaya. Labarin digirin ya jira.