Akwatunan Sabi'u a kwantenata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan aka kira ni, wai Injiniya Sabi'u ya rasu.

Tun ɗazu tsofaffin abokanmu na Guangzhou ta ƙasar Sin suke damuna a waya: Alhaji Nura, rubuta wani abu mana, ka ce ka yafe masa. To ga shi zan rubuta, amma ba abin da kuke son ji ba ne.

Ƙarshen shekarun casa'in muka haɗu. Ina saro tufafi a kasuwar Shahe ta Guangzhou, shi yana karatun injiniya, yana yi mana tafinta. Lokacin duk Sinancina bai wuce "meyo" ba, wato babu.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya dama mini kunu a tukunyar dafa shinkafa, ya wanke mini kaya. Ko ɗan'uwana sai haka.

Zancensa kullum ɗaya ne, jirgin yaƙi marar matuƙi. Ya ce a kan jirgin ruwa ko a tsakiyar daji babu titin da zai yi gudu ya tashi, sai dai a ɗora shi kan dogon ƙarfe a cilla, kamar dutse a danƙo. Muna ta dariya, har muka sa masa suna Sabi'u Danƙo.

A zamanin, in ɗan'uwa ya roƙi gefe a kwantenarka, ba ka buɗe kayansa. Abin kunya ne ma ka tambaya sau biyu. Sabi'u ya kawo dogayen akwatunan katako, ya ce ƙarafan injin ban-ruwa ne. Na sa su da sunana.

A tashar jiragen ruwa aka fasa su, tun kwantenar ba ta bar Sin ba. Sassan wannan abin cilla jirgin ne, na wasu mutane da yake yi wa aiki a ɓoye.

Ni aka kama. Shi ko ƙeyarsa ba a gani ba.

Ina tsare Inna ta rasu a Kano. Ta tafi ana faɗa mata ɗanta dillalin makamai ne. Ban ga gawarta ba, ban ɗauki makararta ba.

Bayan an sako ni muka yi kiciɓis da shi a shagon taliyar Musulmin Sin da ke unguwar Sanyuanli a Guangzhou, yana sanye da kwat. Na tsaya a kansa. Ya turo mini kujera ya ce, "Alhaji, da na faɗa maka gaskiya ai da ba ka ɗauka ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ko "yi haƙuri" babu. Ban sake ganinsa ba.

Yau kuma na ga hotonsa ko'ina, haziƙi, abin alfaharin Arewa. Masu rubutawa sun san komai, wasunsu ma su suka riƙa kai mini abinci a tsare. Wallahi raina a ɓace yake da ku.

Yafiya ba a post take ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Na gwada furtawa bayan azahar, bakina ya ƙi.

Allah Ya jiƙan Sabi'u, Ya dubi marayun da ya bari, su ba su yi mini komai ba. Ku yi masa addu'a, ku sa Inna a ciki. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya sassauta zuciyata kafin tawa ta zo, don yau kam ban yafe ba.