Yatsan Ƙafata a Gaban Surukai

Muna zaune a kan tabarma a Majidaɗi, mun je nema wa ɗana Sadiku aure, sai waliyyin yarinya ya ce ba zai amsa ba sai ya ji muryar Bappana, babban gidanmu, da ke kwance ba lafiya a Kona. "Kira mana shi," in ji shi.

Ni birkila ne, siminti ya cinye zanen yatsun hannuna tas, wayata ta daina gane ni. Lambar sirri kuwa, ni da lissafi ya kora daga makaranta tun aji huɗu? Shi ne na yi dabara, na yi wa babban yatsan ƙafata rajista. A ɗaki abin yana tafiya lafiya lau.

Na gwada da hannu sau uku, ta ƙi. Sadiku ya sunkuyar da kai, ya san abin da ke tafe. Na jawo ƙafa daga ƙarƙashin babbar riga, na manna mata waya. Nan take ta buɗe.

Waliyyi ya ce, "Malam Buba, haka kuke kiran manya a gidanku?"

Na ce, "Alhaji, ai ita kaɗai ce ba ta kwaɓa siminti."

Da waliyyin ya gama magana da Bappa, ya daɗe yana duban hannunsa da fartanya ta cinye. Ya ce, "Mun ba ku. In an shafa fatiha, ka tsaya ka saita mini tawa wayar."

Jama'a, ku ma waya ta taɓa tona muku asiri a gaban manya, ko ni kaɗai ta raina?