Yadda Na Kai wa Inna Ragowar Ɗanta

Juma'a: Jos zuwa Sabon Gari

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka fito daga gidanmu na bariki a Jos, ni da maigidana Sajan, da jaka ɗaya da rabin buhun dankalin Turawa na tsaraba. Yara mun bar su wajen maƙwabciya. Matan bariki da kuka dame ni da tambaya, ga labarin nan, ku karanta ku bar ni in huta.

Wadda ba ta san mafarin ba, ga shi. Shekara uku Sajan ya yi a sito, yana zaune yana miƙa kaya, tumbi ya fito har maɓallin kakinsa na neman ceto. Ranar gwajin gudu ya tsaya a rabin hanya yana haki. Likitan bariki ya zagaya masa tef a ƙugu, inci arba'in da biyu, ya duba jini, ya ce suga na gab da kama shi, kuma kitsen cikin nan ne ke jawo shi. Aka cire sunansa daga kwas ɗin ƙarin girma. Daga ranar na canja tukunya: malmala uku ta koma ɗaya, ganye ya cika miya, man ja sai da cokali, lemon kwalba kuwa ko a gidan biki. Shi kuma gudu kullum da sassafe. Cikin wata bakwai ƙugu ya dawo talatin da shida.

Sai wani mai shisshigi ya ɗauki hotonsa a ƙofar coci ya tura wa dangi, hoton ya isa hannun mahaifiyarsa, Inna, a Bomo. Saƙon da ta aiko gajere ne: in kawo mata ɗanta ta gani da idonta, in kuma na gaji da dafa masa abinci ne, in faɗa. Shekara goma sha ɗaya da aurena Inna ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma ita ce ta fito da ni.

Mota ta cika ƙarfe shida da minti ashirin, dubu goma kowane mutum, dankali kuma direba ya ce sai an ƙara masa wani abu, na ce ai ba kujera zai zauna ba. Mun wuce Jengre bakwai da 'yan mintoci. Kafin Saminaka akwai shingen sojoji. Wani kofur ya leƙo, ya dubi Sajan da ke cikin kayan gida, ya kau da kai, ya sake dubawa, sai ya ƙame. Ashe sun taɓa zama bariki ɗaya.

"Oga, ina ka baro sauranka?"

Mota duka ta kwashe da dariya, har da shi Sajan. Ni dai ban yi ba. Na ce a raina, in wannan da ba shi ya haife shi ba ya faɗi haka, me Inna za ta ce?

A Pambeguwa muka tsaya minti ashirin. Na sayi masa ta ɗari biyar na ci abata, shi ya sayi dafaffen ƙwai biyu da ayaba. Daga nan zuwa Soba ramuka suka sha mana lokaci, sai sha ɗaya da rabi muka sauka a tashar Sabon Gari.

Masaukinmu gidan yayarsa ne, Anti Laraba, mai sayar da abinci a bayan kasuwa. Tana ganinsa ta ajiye ludayi ta ɗora hannu a ka. Ni ko gaisuwata da ƙyar ta amsa. Ta tula masa sakwara da miyar agushi, mai na iyo a kai, ta ja kujera ta zauna gadinsa. Ya ci kashi ɗaya cikin uku ya wanke hannu. Ya yi mata bayanin likita, ya ce saura mako biyu a sake gwada shi, ba zai rushe aikin wata bakwai a kwano ɗaya ba. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ta san dai soja mai ƙiba shi ake yi wa kallon ya samu. Ni na cinye tawa tas, don miyar Anti Laraba ba ta yi mini laifin komai ba.

Asabar: Sabon Gari zuwa Bomo

Ƙarfe shida da rabi Sajan ya ɗaura takalmin gudunsa ya ce shi da ƙafa zai tafi, tafiyar ba ta fi kilomita goma sha uku ba, ta zama atisayensa na ranar. Na roƙe shi ya bari. Ya ce in shiga mota da kaya, mu haɗu a can. Soja in ya ce haka, ki ajiye bakinki kawai.

Na shiga bas ɗin Samaru bakwai da kwata. Mun wuce Kwangila, muna isa Palladan sai ga mutumina a gefen titi, yana gudu sannu-sannu, riga ta jiƙe sharkaf. Wata ɗaliba a kusa da ni ta ce wa ƙawarta wannan baban ya fi samarin ajinsu kuzari. Na gyara ɗankwali na ce mata mijina ne. Gaskiya na ji daɗi, har na biya mata kuɗin mota.

A Samaru na sayi sabulu da gishiri da kifi busasshe na ƙara a tsaraba, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Bomo, ɗari biyar da kayana. Nan na yi wauta. Maimakon in jira shi a bakin hanya, sai na wuce gida ni kaɗai.

Inna na tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, idonta na ƙofa. Da yake ɗanta namiji na fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce ina Soja? Na ce yana tafe da ƙafa. Ta ajiye faifan a hankali.

Takwas da rabi ya shigo, gumi na ɗiga, ƙura har gwiwa. Inna ta dube shi daga sama har ƙasa, hawaye ya zubo mata. Ashe a lissafinta abin ya kai har kuɗin motar mutum biyu ya gagare mu, ni na hau, shi ya tako. Na ciro takardar likita daga jaka na fara karantawa. Ta ɗaga mini hannu.

"Takarda ce ta shayar da shi? Ni na san jikin da na ba ki."

Na koma gindin mangwaro na zauna. Da a ce akwai mota a ƙofar gida, da na shiga.

Inna ta miƙe ta ce yau sai ya ci tuwon dawa na gaske. Sai dai dawar na cikin rumbu, mutumin da ke shigar mata kuma ya tafi gona tun safe. Rumbun Inna na ƙasa ne irin na da, ta sama ake shiga, bakinsa ƙarami. Tun da Sajan ya yi tumbi bai ƙara gwadawa ba, don karo na ƙarshe sai da maza biyu suka jawo shi ta hammata. Tana cikin faɗan wa za ta aika, sai ya cire takalmi, ya jingina tsani, ya ɗaga jinkar, ya zura ƙafafu, ya sulale ciki kamar ba shi ba.

Dami huɗu ya miƙo, ni ina karɓa. Ya fito da ƙarfin hannunsa, ya mayar da jinka, ya sauko. Bai huta ba ya ɗauki gatari ya faskara mata itacen da ya kwana biyu a bayan ɗaki. Inna na tsaye tana kallo. Da ya gama ta matso ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa, ta daɗe tana sauraro.

Sannan ta zo gindin mangwaro ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce zuwansa na bara ta lura: daga bakin hanya zuwa gida yana haki, yana gama cin abinci barci ya sace shi a zaune, ruwa kuwa kofi bayan kofi. Ta gani, ta ji tsoro, amma ta ce wa kanta hutu ne na manya. Ta tambaye ni me nake ba shi. Na lissafa mata: zogale, rama, wake, kifi, tuwo kaɗan. Ta yi tsaki ta ce wannan ai abincin da ta raine shi da shi ne, don ba su da wani, yanzu kuma likita ya mai da shi magani.

Mun yi sussuka tare, aka kai niƙa. Da tuwo ya nuna ta miƙo mini mara ta ce in kwasa masa da kaina. Na sa malmala ɗaya. Ta kalli kwanon, ta kalle ni, ta bar shi a haka.

Lahadi: Komawa

Bayan sujada muka yi sallama, sha ɗaya daidai. Inna ta sa aka kamo wani jan zakara, wanda ta ce tun da ta ga hoton take tsare da shi don ta soya wa ɗanta cikin man shanu. Na ɗauka yanka za a yi. Sai ta ɗaure ƙafafunsa ta sa mini a hannu, ba a hannun Sajan ba.

"Tafi da shi, 'yata. Ki dafa masa yadda kike dafawa."

Na ce, "To, Inna, na gode muku." Na riƙe zakaran da hannu biyu.

Keke zuwa Samaru, bas zuwa Sabon Gari, mota ta tashi ɗaya saura. Zakara ya yi cara a Soba, ya kuma yi a Pambeguwa, direba na ta mita. Ƙarfe shida na yamma muka shiga bariki lafiya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Anti Laraba da masaukinta, da maƙwabciyata da ta riƙe mini yara. Zakaran Inna farfesu na yi da shi, ba ko ɗigon mai, kuma da Inna ta kira a waya ta tambaya, haka na faɗa mata, ta ce madalla.