Madabod Mai Daɗewa

A shagon gyaran kwamfuta na bakin kasuwar Tambuwal wani dattijo yana zaune, rungume da kwamfuta naɗe cikin sallaya. Ina jiran nawa gyaran na ji ya ce daga Kebbe ya taso, kwamfutar ta daina kunnuwa. Mai gyara ya ajiye masa madabod biyu, allon da kayan ciki ke hawa kansa.

"Baba, wanga ya fi sauri, ana iya matsa mishi ya ƙara gudu. Wancan ya fi daɗewa."

Dattijon ya warware sallayar yana shafa murfin kwamfutar, inda hannun wani ya koɗe fenti. Ina jin bai taɓa kunna ta da kansa ba.

"Karatun ɗana Dikko na ciki. Uwatai kullum sai ta ji muryatai, tun da munka rufe shi." Ya share ido da bakin rawani. "Sa muna mai daɗewa. Mai son saurin ya tafi."