Wake Ba Manja

Shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi, amma ban san yawan waken da zai ƙosar da mutum ɗaya ba sai da matata ta rasu. Tun daga nan nake cin abinci ni kaɗai a gidanmu na Kafanchan, daga ni sai rediyo. Wannan ya fi ciwon gwiwar da nake fama da shi cin rai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Watannin farko matan zumunta na cocinmu sun yi ƙoƙari, Ubangiji ya saka musu. Yau langar tuwon acca, gobe ta fate. To amma a wurinmu ba a mayar da langa wofi. In an aiko maka, kai ma sai ka zuba wani abu daga tukunyarka. Ni kuwa wace tukunya gare ni? Sai in wanke, in mayar da baki cike da godiya. A hankali langa ta daina zuwa. Ban ga laifin kowa ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yata ta fari tana aure a Amirka, mijinta ɗan asalin Meksiko ne. Kowace Lahadi bayan sujada takan kira ni, kuma tambayarta ba ta canzawa: "Baba, kai da wa kuka ci abinci?" Ni kuma in kawo zancen ruwan sama. Da wani mutumin Madakiya da ke zaune can zai zo gida Kirsimeti, sai ta ba shi saƙo: ƙullin wake mai ɗige-ɗige kamar ƙwan zabo, da wani garin ƙamshi a 'yar kwalba, wanda har yau ban san sunansa da Hausa ba.

Ta ce a waya, "Irin girkin surukata ne, da bandar nama ake yi. Baba, ka saurara da kyau: ba kanwa, ba manja, kuma kada ka dama shi."

Na ce, "To me ya rage? Wake ba manja ai abincin asibiti ne."

Ta yi dariya, ta ce in dai dafa da yawa in raba wa maƙwabta. Ba ta san ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi ba. Maƙwabcina na bayan katanga tsohon ma'aikacin reluwe ne. Lokacin da matata ke raye yakan tsallako da kujerarsa mu ci a kwano ɗaya, muna musu kan siyasa. Na ce a raina, in abinci ya fita daga gidana zuwa nasa, kunya ma ta isa ta kawo shi.

Ranar Alhamis na tafi kasuwar aladu, na sayo ƙafa biyu da wani yanki mai kitse. Na shafa gishiri, na ɗora a kan ragar waya, na haɗa hayaƙin itacen gwaiba a ƙasa. Kwana biyu ina gadinsa, ni da karen maƙwabta muna harare-harare. Waken kuwa na juye shi duka a ruwa ya kwana, don ni awon matata kaɗai na taɓa gani, ita kuma ba ta taɓa girkin ƙasa da mutum goma ba.

Asabar da safe na ɗauko babbar tukunyarta. Na fara soya mai kitsen har ya saki mansa, na zuba albasa da tafarnuwa a ciki, sannan tumatir da tattasai da attarugu uku a madadin barkonon da suke sawa can. Na barbaɗa garin kwalbar nan, na juye wake da ƙafafun, na tsaida ruwa, na ja itace baya. Hannuna ya kai ga ƙullin kanwa sau biyu ina janyewa. Awa uku tana ɓararraka a hankali. Ɗige-ɗigen nan duk suka ɓace, wake ya koma ja-ja, kowace ƙwaya a tsaye cikin romo, nama kuwa ya rabu da ƙashi da kansa. Na ɗanɗana. Kai! Na ce a fili, "Zo ki ji," sannan na tuna ba kowa a gidan.

Na cika babbar langa, na sa riga mai kyau kamar mai zuwa coci, na zagaya da kaina. Maigidan ya tafi gona, matarsa na tarar tana wanke-wanke. Ta buɗe langar, ta karkata ta, ta ga romo yana yawo. Ta dube ni da wani irin tausayi.

"Ayya, Baba Hedimasta! Da ka aiko da shi ɗanye ma ai da na yi maka. Ka je ka huta, ba damuwa."

Ni da na yi shekaru ina yi wa yara bayani sau bakwai, na kasa cewa, "Mama, naku ne, haka ake cinsa." Na ɗauka za ta gane in ta ɗanɗana. Na dawo gida, na share baranda, na goge tebur, na zauna ina jiran motsin kujera a bakin ƙofa.

Wajen la'asar aka yi sallama. Ita ce, ita kaɗai, riƙe da langar da tsumma don zafi. Ta buɗe mini da alfahari. Ta sa kanwa, ta kwarara manja, ta dama shi ya yi kauri har cokali na tsayawa a ciki. Ta soya ayaba ta jera a kai.

"Yanzu ya zama abinci," in ji ta. "Naman ka duk yana ciki, ka ƙirga. Ko cokali ɗaya ba mu taɓa ba. Maigida ya ce zai ɗanɗana, na buge hannun shi, na ce kayan mutumin da ba shi da mai dafa mashi, haba!"

Raina ya ɓaci. Amma wa zan yi wa faɗa? Matar da ta bar aikinta ta ƙona itacenta domina? Na ce, "Na gode, Mama, Allah ya bar zumunci." Ta ce duk ranar da ya gagare ni in kawo, kada in ji nauyi. Ta tafi.

Washegari bayan sujada waya ta yi ƙara.

"Baba, ka dafa? Kai da wa kuka ci?"

Na dubi tukunyar da ko rabinta ban ci ba, da langar a gefenta. Na ce, "Kin san mutanenmu. Ba su bar ko loma ba."

Na ji ta tana faɗa wa mijinta da Turanci, cike da murna. Ta ce yau za ta yi barci da kwanciyar hankali. Na ce ta gaida surukarta.

Kwana biyar na yi ina ɗumamen waken nan.