Gizo-gizon Honorata

A ƙauyenmu, idan ka shiga gida a watan Kirsimeti ka ga gizo-gizon kara, adon nan da ake ratayewa, yana juyi a ƙarƙashin azara, ba sai ka tambayi wa ya yi shi ba. Honorata ce, maƙwabciyata, wadda shingen katako kawai ya raba mu tun muna amare. Sauran mata sun daɗe da komawa ƙyalƙyalin kanti. Ni kuwa ban taɓa iyawa ba, yatsuna na tonon dankali ne, kara yana shiga hannuna yake tsagewa.

Tana da 'yar gona a bayan gida, ba ta fi faɗin ɗaki ba, inda take shuka baƙar alkama saboda karan kawai. Da lauje take yanka, don injin girbi murƙushe kara yake yi. Mijinta Zenon, Allah ya ji ƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa yana mitar cewa an fi tattalin kara a gidan nan a kan miji. Takan jiƙa karan a ruwan ɗumi ya yi laushi, ta yayyanka shi tsawon yatsa, ta zura zare da allura, ta haɗa 'yan ɗakuna masu tsini sama da ƙasa. Sai ta rataye ƙanana a jikin manya, ta manna furen takarda a kowace kusurwa. Tana yi tana rera abin da ta ƙago wa kanta: "Huɗu su kwanta, huɗu su miƙe, huɗu su durƙusa."

'Yarta tilo, Wioleta, tana aikin lambun tumatir a Holan. Ta bar mata jikoki biyu, Iga mai shekara shida da Tymek mai huɗu. Tun da yaran nan suka dawo hannunta Honorata ta daina zancen ciwon gwiwa. Don su take tashi, don su take hura murhu.

Bayan girbin bara ne abin ya soma. Ta ɗora madara a wuta ta tafi coci, ni na hango hayaƙi ta taga. Wata safiya ta ɗauki bokitin dusa ta nufi garken aladen da aka rushe tun Zenon na da rai, ta tsaya a fili tana kiran dabbobin da muka cinye tuntuni. Ni ban gaya wa kowa ba. Amma Tymek, bakinsa ba ya riƙe komai, ya kwashe labarin tas ya ba uwarsa a waya, yana dariya.

Ranar Honorata ta tsallako shinge ba ko mayafi a wannan sanyi.

"Regina, kin ji 'yar nan? Wai tana tafe jajibirin Kirsimeti. In ta ga abin ya yi yawa za ta tafi da yaran, ni kuma a kai ni gidan tsofaffi a birni. Ni! Ni da na wanke mata kashi!"

Na ce, "To ai madarar kin ƙona ta, Honorata."

"Ke ba ki taɓa ƙona tukunya ba? Kabejinki na bara har kare ya ƙi ci. Bari ta shigo ta ɗaga kai ta ga gizo-gizona. Mai ruɗaɗɗen kai yana iya ɗaura shi? A nan za a yi ta ta ƙare."

Haka ta ɗora rayuwarta kacokan a kan damin kara ɗaya.

Washegari da rana na leƙa. Yaran suna ƙarshen tebur suna haɗa sarƙar takarda mai launi da kullun fulawa, Tymek yana manna ɗaya yana lashe biyu. A gaban Honorata kuwa kara ne fasasshe birjik, har ƙasa. Tana yankawa yana tsagewa, ta jefar ta ɗauki wani.

Na ce, "Ke, ba ki jiƙa ba!"

Ta dube ni, ta dubi almakashin. Na ga tsoro ya gilma a idonta kafin ta haɗe rai. "Na sani mana. Gwada ki nake yi in ga ko kin koyi wani abu a zaman maƙwabtaka."

Na ɗora ruwa na jiƙa mata. Rabin damin ya riga ya tafi, kuma ba inda za a samo wani. Duk yankin nan inji ne ke girbi.

Da karan ya yi laushi ta zura huɗu, ta ɗaure, suka kwanta daidai kamar kullum. Ta ce, "Huɗu su kwanta. Huɗu su..." Sai allurar ta tsaya a sama. Ta sake daga farko. Ta zura biyar, ta zura shida, abin ya fito kamar ƙafar kaza, ta ja zaren da ƙarfi har karan ya karye. Ta ce zaren zamani ne ba shi da kyau. Ta ce hasken ne. Ta ce surutun Tymek ne, ta daka wa yaron tsawa irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, sannan ta rungume shi tana ba shi haƙuri har kullu ya ɓata mata riga.

Na tuna mata waƙar, tunda na sha jin ta ta shinge. Ta maimaita, amma hannun ya ƙi bin bakin. Na karɓi allurar da kaina, na ɓata mata kara guda takwas a banza, ta fizge tana cewa, "Kashe ni za ki yi?" Na hau keke na tafi ƙauyen gaba wajen wata tsohuwa da aka ce ta iya, na tarar an binne ta tun bazara. Matar ɗanta ta ce in sayi na roba mana, wa zai gane? Saura kaɗan in mare ta. Wioleta a ƙarƙashin gizo-gizon nan ta yi rarrafe, ita za a ruɗa da roba?

Kullum damin yana raguwa. Honorata ta daina cin abinci sosai, ta daina zuwa coci, tana zaune a bakin taga da allura, leɓenta na motsi. Ranar da ya rage abin da hannu ɗaya zai damƙe, ta kama hannun rigata.

"Regina, yana nan fa. Ina jin sa a nan, a yatsuna, ya ƙi fitowa ne. In suka tafi wa zan dafa wa? Wa zai ce mini Kaka? Ki roƙa mini Allah ya ara mini kaina na mako ɗaya, mako ɗaya kawai, in ya so ya karɓe abinsa."

Ta kifa kai a tebur tana kuka. Ni da ake cewa ba ni da hawaye, ranar na yi, kuma haushi nake ji, ban san na wa ba.

Iga ta ajiye sarƙarta, ta goge hannu a siket, ta zare allurar daga yatsun kakarta.

"Kaka, ke ma dai. Ba haka ake yi ba. In sun kwanta sai ki bi ta kusurwa." Ta zura biyu ta ɗaga, ta sake zura biyu. "Huɗu su miƙe. Tymek, miƙo, ban da wanda ka tauna. Huɗu su durƙusa. Kin gani?"

Ɗan ɗaki ya tsaya a tafin hannunta, a karkace, amma ɗaki ne. Ashe duk shekarun da take zaune a gindin tebur ana korar ta kar ta taɓa, idonta na kan hannun tsohuwa.

Iga ta ɗaura, Tymek ya miƙa kara, Honorata ta murɗa furanni, don wannan bai gudu daga hannunta ba tukuna. Gizo-gizon ya fito ƙarami, bai kai rabin na kullum ba. Na hau kujera na rataye shi, sannan na tsugunna gaban yaran.

"In Mamanku ta tambaya, wa ya yi?"

"Kaka," in ji Iga.

"Kai fa, sarkin surutu?"

"Kaka. Amma ni na miƙa."

Ƙarya na koya musu, kuma ko gaban fada a coci zan maimaita.

Ranar jajibiri muka shimfiɗa ciyawa a ƙarƙashin farin ƙyallen tebur bisa al'ada, muka jera faranti, har da na baƙon da ba a san da zuwansa ba, wanda kowane gida ke ajiyewa. Jar miya na kan wuta, kifi na jira. Da la'asar mota ta tsaya. Wioleta ta shigo da ƙanƙara a kafaɗa, yaran suka maƙale ta, ta ɗaga kai. Ɗumin murhu yana juya gizo-gizon a hankali. Na ga kafaɗunta sun sauka.

"Kai, Mama! Ashe hannun yana nan. Na yi ta tsorata kaina a banza."

Na saki numfashi. Mun ci nasara, na ce a raina.

Honorata ta fito daga wajen murhu tana goge hannu, fuskarta cike da fara'a irin ta karɓar baƙi.

"A'a, baiwar Allah, ba ni ba ce. 'Yata ce ta yi." Ta jawo Iga ta dafa kanta. "Wioleta, gaishe da baƙuwa mana. Shekararta shida fa, dubi aikin hannunta. Shigo daga sanyin nan, ga farantinki can mun ajiye. Daga nesa kike?"

Tymek ya buɗe baki, Iga ta toshe masa da hannu.

Wioleta ta cire rigar sanyinta a hankali, ta ja kujera, ta zauna a gaban farantin baƙo. Ta ce, "Daga nesa, Mama. Yarinyar ta iya. Wa ya koya mata?"

"Ni mana," in ji Honorata. "Wa kuma?"

Bayan sabuwar shekara motar ta kwashe su, yaran zuwa Holan, Honorata zuwa birni. Makullin gidan yana wurina. Gizo-gizon yana nan a rataye, ba ya juyi tunda ba a hura murhu. Alkamar da ta shuka kafin sanyi tana ƙarƙashin ƙanƙara a bayan gida. Da za su shiga mota Iga ta dawo da gudu ta ce in alkamar ta nuna in yanka mata da lauje, kar in bari inji ya taɓa.