Sawun Jakin Tsoho

Ina shekara ta uku da fara koyarwa a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu aka sace buhun wake huɗu a masussukar wani Alhaji. Ranar Juma'a ce da rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci. Mu a nan in an yi sata ba a farawa da 'yan sanda, sawu ake bi. Aka bi kuwa. Sawun jaki ne, ya tashi daga masussuka ya nufi bakin titi, daga can ya juyo, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan wani tsoho mai kai wa mutane taki gona.

Tsohon nan kakanninsa ne suka zo daga Borno. A nan aka haife shi, a nan ya aurar da 'ya'yansa, amma ranar sai mutane suka tuna cewa baƙo ne. Ya yi ta rantsuwa cewa a gona ya ɗaure jakinsa ya tafi masallaci, da ya dawo ya tarar da shi a gida. Ba wanda ya saurare shi. Dagaci ya ba shi mako ɗaya, ko ya fito da waken ko ya bar garin.

A makon ne darasi ya kawo ni da 'yan aji biyu kan kai rahoton laifi. Littafi ya ce a garzaya ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ina gama karantawa sai wani mai bakin tsiya daga bayan aji ya ce, "Malama, wa zai biya mana kuɗin mota zuwa Tsanyawa?" Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa saurin fushi gare ni, har na fara waige-waigen bulala. Sai na ga ai gaskiya yaron ya faɗa, na rufe littafin.

Na tambaye su me suke kiran wanda ya tona asirin wani. Suka ce magulmaci, wasu suka ce munafuki. Na ce musu gulma ita ce wadda ake yawo da ita bakin rijiya. Rahoto kuwa sau ɗaya ake faɗa, ga babban da zai iya yin wani abu a kai, uwa ce ko liman ko mai unguwa, ko ni. Abin da ido ya gani kaɗai za a faɗa, ban da ƙari. Na kuma ja musu kunne kada wanda ya yi ihun ɓarawo a kasuwa, don duk mun san yadda ake ƙarewa. Na rufe da cewa wanda ya ga gaskiya ya yi shiru ana zaluntar wani, da hannunsa a ciki. Da sauƙi na faɗi wannan, tunda ni ban ga komai ba.

Da aka tashi, wata yarinya 'yar shekara goma sha uku ta tsaya tana ta gyara jakarta har kowa ya fita. Ba mai magana ba ce a aji.

"Malama," ta ce, "in wanda aka gani ɗan gida ne fa?"

Ashe ranar Juma'ar ta je ɗebo harawa, ta ga baffanta, ƙanen mahaifinta, yana kora jakin tsohon da buhuna zuwa titi, inda wata motar kasuwar hatsi ta Dawanau ke tsaye. Shi ma ya gan ta. Murmushi ya yi mata, ya ce ta tafi gida, rana ta yi zafi.

Wallahi na so in ce ta manta, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Na je wurin mahaifiyarta tukuna. Da ta gama saurarena sai ta ce, "Ke kika koya mata, sai ki raka ta."

A zauren dagaci muka zauna, daga shi sai liman. Yarinyar ta faɗi abin da ta gani. Dagaci ya tambaye ta ko baffan nata ne ya saci waken. Ta ce ita ba ta sani ba, ta dai gan shi yana kora jaki da buhu huɗu. Aka kirawo shi, bai daɗe yana musu ba, daga nan magana ta wuce hannun hukuma. Tsoho ya zauna a gidansa. Ban ji wanda ya je ba shi haƙuri ba.

Na ɗauka shi ke nan, har ina jin daɗin kaina. Sai ƙarshen zango yarinyar ta sake tsayawa bayan an tashi. Gidansu babban gida ne, tukunya ɗaya, kuma tun ranar kakarta, mahaifiyar baffan, ta daina amsa gaisuwarta. Kullum da safe za ta durƙusa a ƙofar ɗakin ta gaishe ta, tsohuwa ta kau da kai. Na ce ta yi haƙuri, za ta huce. Ta ce ba wannan ya kawo ta ba.

"In kin zo koya wa ƙannenmu, ki gaya musu har da wannan, kada ya zo musu ba shiri."

Ta ci gaba da durƙusawa a ƙofar nan kowace safiya. Bayan damina biyu kakar ta rasu, ba ta amsa ba.